Allurar da Ta Suɓuce wa Inna

Da safiyar yau na ga allura ta suɓuce daga hannun Inna har sau uku tana ɗinkin hula, sana'ar da ta ciyar da mu da ita, ta riƙa yarfe hannun tana cewa sanyi ne kawai. Da muka je asibiti, likita ya sa ta lanƙwashe wuyan hannunta na minti ɗaya, kafin ya cika ta ce babban yatsanta da manuni da na tsakiya sun mutu kamar ana tsira musu ƙaya, amma ƙaramin yatsa lafiyarsa ƙalau. Ya bayyana mana cewa wata jijiya ce ke bi ta wata ƙuntatacciyar hanya a wuyan hannu tare da igiyoyi tara masu motsa yatsu, kuma idan wurin ya kumbura saboda maimaita aiki iri ɗaya, ko ciwon suga, ko juna biyu, sai ta matsu. Ya ba ta maɗauri mai tauri da za ta riƙa kwana da shi, ya ce idan bai wadatar ba akwai allurar rage kumburi, bayanta kuma ƙaramar tiyata da ke buɗe hanyar.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne lokacin da ya nuna mini yadda naman gindin babban yatsanta ya fara ramewa, ita kuma ta ce: "Ɗan nan, ai na daɗe ciwon yana tashina cikin dare." A gida ɗaya muke kwana, amma ban taɓa tambayarta ba.