Ribar hannun jarin banki ba albashi bane, ni na koya da kuɗin hayar shago

Ƙannena na Zango, musamman ku da kuka fara taɓa kuɗi yanzu kuna sauke manhajar sayen hannun jari a waya, akwai abinda nake so ku ji daga bakina tun kafin ku ji shi a jikinku. Ni ɗan Aboabo ne a nan Kumasi, shadda da yadi nake sayarwa. A 2021 na kwashe kusan duk abinda na tara na shekara huɗu, harda kwasar susu ɗina, wato adashi, na sayi hannun jarin wani babban banki na ƙasashen waje mai reshe a Ghana wanda ke kan kasuwar hannun jari ta Accra. Bazan kama suna ba dan bankin bai cuce ni ba, lissafina ne ya karkace.

Abinda ya ja ni abu ɗaya ne, ribar da suke rabawa masu hannun jari duk shekara, wadda ake cewa dibidan. Na duba shekarun baya naga suna biya, sai na ɗauka kaman albashi ne. A 2022 kuwa aka biya, aka cire harajin kashi 8 cikin ɗari sauran ya shigo min, wallahi ranar har gida na kai tsire. Daga nan sai na yi babban kuskuren, na ɗora kuɗin hayar shagona akan dibidan ɗin shekara mai zuwa, kuma kun san yadda haya take a garin nan, mai shago shekara biyu yake so a dunƙule ba wani a biya wata wata.

Toh a Disamban 2022 gwamnati ta fito da shirin musanya bashin cikin gida, ta karɓi tsofaffin takardun shaidar bashin da ake bin ta ta bada sababbi masu ƙaramar riba da dogon lokaci. Ni ko a jikina, nace ai ni ban sayi takardar gwamnati ba. Ashe bankuna ne suka fi kowa riƙe takardun, da su suke samun kaso mai tsoka na ribarsu, sai gashi lissafin 2022 ya fito bankuna da yawa sun tafka asara, Babban Bankin Ghana kuma yace a dakatar da rabon dibidan har sai jari ya farfaɗo. Ina zaune a shago bayan la'asar, bandir ɗin shadda akan cinyata ina aunawa wata hajiya, ɗan mai shagon ya leƙo ya gaishe ni yace Baba yace a tuna min ƙarshen wata. Na amsa da toh, amma hannuna rawa yake har saida na sake awon daga farko. Ƙarshenta rabin hannun jarin na sayar a farashin da bai kai wanda na saya ba, ga sidi ta riga ta zube, dala da take wajen sidi 6 a farkon 2022 ta haura 13 kafin shekarar ta fita, tsadar kaya kuma ta kai kashi 54 cikin ɗari a Disamba. Kaga kenan ko dibidan ɗin da na ci a baya bai rufe ramin ba.

Bayan nan ne na zauna na fara karatun abin da gaske, kuma labarin HSBC ne ya fi buɗe min ido. Wannan banki tun 1865 aka kafa shi a Hong Kong, hedkwatarsa yanzu tana Landan, yana cikin manya na duniya kuma mafi yawan ribarsa daga Asiya take fitowa. A Hong Kong akwai tsofaffi 'yan fansho da yawa da suka riƙe hannun jarinsa shekara da shekaru suna cefane da dibidan ɗin. Da korona tazo a 2020 sai hukumar da ke kula da bankuna a Ingila ta nemi manyan bankuna su tsayar da rabo, HSBC ya soke har wanda ya riga ya sanar zai biya. Bankin bai karye ba, a 2021 ya dawo da biya, a 2023 da kuɗin ruwa ya hau a duniya ribarsa kafin haraji ta kai wajen dala biliyan 30, a 2024 kuma da ya sayar da reshensa na Kanada ya ƙara rabo na musamman, santi 21 na dala akan kowane hannun jari. Amma wanda ya shirya biyan asibiti da kuɗin a 2020 fa, wannan duk bai amfane shi ba a ranar. Kuma shi rabo na musamman sau ɗaya ne, reshe aka sayar, ba za'a sake sayar da shi baɗi ba, dan haka kar ka gan shi a lissafin bara ka ɗauka haka za'a cigaba.

Yanzu kafin in sa ko sidi ɗaya ina buɗe rahoton shekara na bankin, eh yana da tsawo kuma turancinsa da nauyi amma ka samu wani ɗan uwa da ya karanta akanta ku zauna tare. Ina duba daga ina ribar take zuwa, bashin da suka ba 'yan kasuwa ne ko takardun gwamnati ɗaya suka jingina da su. Ina duba kashi nawa na ribar suke rabawa, HSBC misali ya sa ma kansa wajen rabi, sauran ba ya rabawa a matsayin dibidan, wanda kuwa yake rabe kusan duka toh ranar da iska ta kaɗa ba abinda zai tare. Sai bashin da ya maƙale ba'a biya ba, da kaurin jarin da suka ajiye na kariya. In kaga dibidan yayi girma sosai akan farashin hannun jarin kar ka yi saurin murna, sau da yawa farashin ne ya faɗi saboda waɗanda suka fi ka sani suna gudu.

Akwai kuma maganar da na tsallake a lokacin kuma har yau tana damuna, ban tambayi malami ba. Banki irin wannan da kuɗin ruwa yake cin abinci, mu kuma mun san matsayin riba a addini. Mahaifiyata ce ta fara min tambayar, tace "Kai yanzu wannan kuɗin da ake turo maka kana kwance, ka tambayi malam kuwa?" Shiru nayi. Kuje ku tambaya tun kafin ku saya, ba bayan kuɗi ya shigo zuciya ta fara neman hujja ba.

Ragowar rabin yana nan ban sayar ba, ina jiran in gama magana da malaminmu in san yadda zanyi da shi. Kuɗin haya kuwa yanzu duk sati nake ware shi daga cinikin shago in ba mai susu, na riga na haɗa na wata goma sha huɗu.