Waƙa da Harshen Aro

A watan Oktoba na 2019, lokacin da ƙungiyar mawaƙa ta BTS daga Koriya ta Kudu ta yi wasa a filin ƙwallo na Sarki Fahad da ke Riyad, 'yar ƙanwata, wadda aka haifa a nan Jidda, ta kwana da waya a hannu tana bin waƙoƙinsu baiti bayan baiti, alhali ba ta jin harshen Koriya. Da na tambaye ta, sai ta ce, "Kawu, muryar ce take shiga raina."

Ba a cika shekara ba, a watan Agusta na 2020, BTS suka fitar da waƙarsu Dynamite da Turanci zalla, ta kuma hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard, wato jerin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka. Dalilin yin ta da Turanci a bayyane yake: gidajen rediyon Amurka ba su cika saka waƙar da ba ta Turanci ba, kuma yawan sakawar yana shiga lissafin jadawalin. Kafin su, Wonder Girls, wata ƙungiyar mawaƙa mata ta Koriya ta Kudu, sun gwada sa'arsu da Turanci a 2009, suka tsaya a matsayi na 76.

Ba na ganin laifin mai neman kasuwa, amma abin yana sosa mini rai, domin mu da muke renon 'ya'ya a cikin Larabci mun san yadda harshen gida yake zamewa a hankali. Kuma ai tun a 1963 Kyu Sakamoto ya kai matsayi na ɗaya a wannan jadawalin da waƙarsa ta Japananci, ba tare da ya rera ta da Turanci ba.