Girgizar da ba ta da uwa

Na daɗe ina buɗe taswirar girgizar ƙasa a intanet kafin in kwanta, kuma idona yakan tsaya ne a kan ɗige-ɗigen da ke jere cikin teku, inda wani faifan ɓawon duniya ke kutsawa ƙarƙashin ɗan'uwansa. A irin wuraren nan ake samun manyan girgiza. Ta tsibirin Sumatara na ƙasar Indonesiya, ranar 26 ga Disamba 2004, ta kai maki 9.1, ta tsaga ƙasan teku tsawon kusan kilomita 1,300, igiyar tsunami da ta taso ta hallaka fiye da mutum 200,000.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne abin da ya biyo baya.

Kowa ya san babbar girgiza takan bar 'ya'ya, wato ƙananan girgiza da ke biyo bayanta. Wani masani ɗan Japan, Fusakici Omori, ya bi diddigin waɗanda suka biyo bayan girgizar Nobi ta 1891, a 1894 ya nuna cewa yawansu yana raguwa da tafiyar lokaci: yau da yawa, gobe kusan rabi, a haka har su yi ƙaranci. Uwa ce da 'ya'yanta, kuma an san wace ce uwar.

Amma a ƙarshen Janairu 2005, wata guda bayan bala'in Sumatara, wani abu daban ya tashi a tekun Andaman, gabas da tsibiran Nikobar. Cikin 'yan kwanaki aka yi ɗaruruwan girgiza a wuri ɗaya, da yawansu sun kai maki 5, ba wadda ta yi wa sauran fintinƙau. Cincirindo ne kawai, ya yi ta tafasa, sannan ya lafa. Ranar da na fara ganin jerin nan na yi ta neman babbar cikinsu, ban samu ba. Masana sun danganta shi da motsin ruwa mai zafi ko narkakken dutse a ƙarƙashin teku, domin akwai duwatsu masu aman wuta a yankin. Wato babbar girgizar ta sassauta matsi a wani wuri, ta ƙara shi a wani, ruwan da ke maƙale a tsagar duwatsu ya sami hanya. Wani lokaci kuma faifan ne ke ci gaba da zamewa sannu a hankali, makonni ko watanni, yana fasa ƙananan wuraren da suka cije.

Wannan bambanci yana damuna saboda mutanen gaɓar teku. Wanda ya rasa gidansa yana so a gaya masa ko abin ya wuce. Lissafin Omori yana ba shi ɗan haske. Cincirindo ba ya bin wannan lissafin. Ga shi ranar 28 ga Maris 2005 ɓangaren da ke kudu da inda girgizar Sumatara ta tsaga ya ɓalle kusa da tsibirin Niyas, aka yi wata babbar girgiza mai maki 8.6.

Matsalar ita ce na'urorin awo suna kan tudu, abin kuwa yana faruwa can nesa ƙarƙashin ruwa. Bayan girgizar Tohoku ta 11 ga Maris 2011, Japan ta shimfiɗa tashoshin awo 150 a ƙasan teku, haɗe da waya, mai suna S-net. Duk sanda na tuna da Janairun 2005, sai in ce ina ma da irinsu a tekun Andaman a waɗancan kwanakin.