Minti 200: yadda koci zai raba fili tsakanin 'yan farko da 'yan benci

A dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, wadda da ita ake wasa a Nijar da sauran Afirka, wasan ƙwallon kwando zubi huɗu ne, kowane zubi minti 10. Mutum biyar ne a fili, don haka dukan abin da koci yake da shi ya raba minti 200 ne, ba ƙari ba ragi, sai idan an tafi ƙarin lokaci na minti 5. A NBA ta Amurka zubin minti 12 ne, jimla 240, shi ya sa wanda ya kwafo tsarinsu kai tsaye daga waya yakan ga lissafin bai fita ba. Takardar wasa tana ɗaukar suna 12. In aka raba daidai, kowa zai samu minti 16 da ɗoriya, kuma babu ƙungiyar da take neman kofi da take yin haka. Mintunan nan kamar hatsin rumbu ne: wanda ya ɗiba ba awo tun da kaka, kafin damina ta faɗi zai gane kurensa.

Abin da nake ganin ya fi dacewa shi ne koci ya fara lissafi daga ƙarshen wasa. Su wane ne biyar ɗin da yake so su kasance a fili a minti 5 na ƙarshe, da sauran ƙarfi a ƙafarsu, kuma ba wanda ƙeta ta fitar? In ya amsa wannan, sauran canje-canjen duk hanya ce ta kai su wurin lafiya. Biyar na farko ba jerin gwanaye ba ne daga na ɗaya zuwa na biyar. Mutane ne da suka dace da juna a farkon wasa, lokacin da abokan karawa suka fito da nasu manyan.

Kowace biyar da za a haɗa, ko ta farko ko ta tsakiyar wasa, sai an duba mata abu huɗu. Akwai wanda zai ɗauko ƙwallo ya tsallake rabin fili cikin daƙiƙa 8 ko da an matsa masa? Akwai wanda zai iya ƙirƙiro jifa idan agogon daƙiƙa 24 ya kusa cika, tsarin kuma ya watse? Akwai aƙalla mutum biyu, uku ya fi, da abokan karawa suke tsoron jifansu daga bayan layin maki uku, wato mita 6.75? Sannan akwai dogon da zai tsare bakin kwando ya cafe ƙwallon da ta ƙi shiga? Biyar ɗin da ta rasa ɗaya daga ciki za ta iya lallaɓawa na minti biyu ko uku. Wadda ta rasa biyu, maki takwas za su zube kafin koci ya miƙe ya nemi hutu.

Maganar masu jifa daga nesa ita ce aka fi yi wa sakaci, don ido yana son tsawo. Koci ya samu dogaye biyu, sai ya ga asara ce ya zaunar da ɗaya. To amma in dukansu ba sa jifa daga nesa, masu tsaronsu za su tsaya a gindin kwando su toshe hanya, kuma dokar FIBA ba ta hana mai tsaro zama a wurin iya son ransa ba, saɓanin NBA da take ba shi daƙiƙa 3 kawai. Mai rabon ƙwallo ya kutsa ya tarar da mutum huɗu suna jiransa. Houston Rockets da ta ci kofin NBA a 1994 da 1995 ta bi wata hanyar: Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, shi ne a ciki, aka kewaye shi da masu jifa irin su Kenny Smith da Robert Horry da Mario Elie. In mutum biyu suka rufe shi, ya miƙa waje a jefa. In aka bar shi da mutum ɗaya, ya gama da shi. Dogo na biyu ya fi amfani a benci, inda zai shigo da sabon ƙarfi ya tarar da dogon abokan karawa ya fara haki.

Ga misalin rabo ga ƙungiyar da take juya mutum tara. Manyan 'yan wasa biyu da ƙwallo take bi ta hannunsu, minti 32 kowanne. 'Yan gefe biyu da ake farawa da su, 28 kowanne. Dogon farko 24, mai canjinsa 16, ka ga gurbin tsakiya ya cika minti 40 ke nan. Mutum na shida, wato ɗan bencin da yake fara shigowa, 24, na takwas 12, na tara 4. In ka tara, 200 cif. A lura, mutum na shida ya yi daidai da dogon da aka fara da shi. Dogaye masu nauyin jiki su ne suka fi saurin gajiya kuma suka fi tara ƙeta, don haka a riƙa yanka musu lokacin gajere-gajere, minti biyar ko shida a tashi ɗaya.

Wurin da wasanni da yawa suke lalacewa shi ne ƙarshen zubi na ɗaya da farkon na biyu, haka kuma ƙarshen na uku da farkon na huɗu. Nan ne koci yakan fitar da manyansa biyu a tare, ko ma ya kwashe biyar ɗin gaba ɗaya ya zuba wasu biyar. A ido abin yana da tsari, kowa ya san rukuninsa. A fili kuwa, an bar mutum biyar da ba wanda ya saba ɗaukar nauyin jifa, suna ta miƙa wa juna ƙwallo a bayan layi har agogo ya kaɗa. Maganinsa a saɓa hutun manyan biyu. Na ɗaya ya fita bayan minti 6 na zubin farko, ya huta minti 4 na agogo, ga kuma minti 2 na tsakanin zubi, ya dawo ya buɗe zubi na biyu tare da 'yan benci. Na biyun ya buga zubin farko duka, ya zauna minti 4 na farkon zubi na biyu, sannan su haɗu su rufe rabin lokaci tare. Bayan hutun minti 15 a maimaita. Kowannensu ya samu minti 32 ɗinsa, kuma babu daƙiƙa ɗaya da fili ya rasa ɗayansu. Wanda za a tura ya jagoranci 'yan benci shi ne wanda ya fi iya raba ƙwallo, ba lallai wanda ya fi cin maki ba, don aikinsa a wannan lokacin shi ne ya sama wa ƙananan jifa mai sauƙi.

Mutum na shida kuwa, tun shekarun 1950 Red Auerbach na Boston Celtics ya mayar da gurbin abin alfahari da Frank Ramsey, daga baya John Havlicek ya gaje shi. Manu Ginóbili ɗan Ajantina, wanda ya ci zinaren Olamfik a 2004, ya shafe yawancin shekarunsa a San Antonio Spurs yana fitowa daga benci, ya ci kofi huɗu, kuma in wasa ya yi zafi a ƙarshe yana cikin fili. A zagayen ƙarshe na NBA na 2015, Andre Iguodala na Golden State bai fara ko wasa ɗaya ba a duk kakar kafin nan. Da Cleveland ta shiga gaban Golden State da wasa 2 da 1, sai Steve Kerr, kocin Golden State, ya zaunar da dogonsa Andrew Bogut, ya fara da Iguodala, ya tura Draymond Green tsakiya. Suka ci uku a jere, Iguodala ya zama gwarzon zagayen. Abin koyi a nan ba wai gajeru sun fi dogaye ba ne. Jerin farko abu ne da ake sauyawa gwargwadon wanda ake fuskanta, kuma sauyin ya yi aiki ne don mutanen sun riga sun saba wasa tare.

A nan Damagaram akwai abin da yake sa wannan ya fi wuya, wato girma. Ɗan wasan da ya daɗe a ƙungiya, wanda yara suke ce wa yaya, in aka zaunar da shi aka fara da ƙanensa, sai a ɗauka an ci masa fuska, magana ta kai fada kafin a tashi daga fili. Koci mai hankali ba ya barin mutum ya ji labarin a bakin tebur ranar wasa. Ya kira shi gefe tun kwana biyu kafin nan, ya faɗa masa minti nawa zai buga, a wane lokaci zai shiga, da abin da ake so ya yi. Babban da ƙafarsa ta fara sanyi amma kansa da hannunsa suna nan, sau da yawa shi ne ya fi dacewa ya riƙe rukunin benci, kuma ya kasance cikin masu rufe wasa. Wanda ya san zai rufe ba ya cika damuwa da wa ya buɗe. Shugaban kulob da yake son a sa ɗan unguwarsu kuma, wannan sai haƙuri da nuna masa takardar lissafi.

Sai batun ƙeta. A FIBA ta biyar ce take fitar da ɗan wasa, a NBA ta shida, amma in ka raba, duka biyun ƙeta ɗaya ce ga kowane minti 8. An saba da zarar mutum ya yi biyu a zubin farko a zaunar da shi har rabin lokaci. A ganina an fi tsoron wannan fiye da kima. In babban ɗan wasanka ya ƙare wasa da ƙeta uku da minti 22 kacal, ba alƙalin wasa ne ya fitar da shi ba, kai ne. Gara a ba shi minti biyu ko uku ya huce, a mayar da shi, a sauya masa wanda yake tsaro zuwa mafi rauni, ko a koma tsaron yanki, inda kowa yake tsare wuri maimakon mutum, na ɗan lokaci. Inda ya kamata a yi taka-tsantsan shi ne dogon da babu mai maye gurbinsa, da kuma mai zafin kai, domin ƙetar gardama da alƙalin wasa ana lissafa ta cikin biyar ɗin, kuma biyu irinta suna korar mutum daga wasan baki ɗaya. Akwai kuma lissafin ƙungiya: da zarar ta cika ƙeta huɗu a zubi, kowace ƙetar tsaro bayan nan jifa biyu ce daga layi. Ɗan bencin da ya shigo da zumuɗi ya yi biyu cikin minti ɗaya a farkon zubi na huɗu ya jawo wa manyan da za su dawo wahala, kuma lissafin zubi na huɗu yana bin mutane har cikin ƙarin lokaci.

A minti 2 na ƙarshe doka tana buɗe wasu ƙofofi da ya kamata mataimakin koci ya haddace. Ƙungiyar da aka jefa wa ƙwallo a kwando tana iya yin canji nan take. Bayan jifan layi na ƙarshe da ya shiga, kowane ɓangare yana iya canji, wannan kam a kowane lokaci na wasa ne. Da haka ake sa mai tsaro idan ƙwallo tana hannun abokan karawa, a dawo da mai jifa idan ta dawo hannu. Sai dai wanda aka fitar ba ya komawa sai agogo ya motsa an sake tsayawa, don haka a tabbata za a samu tsayawar kafin a cire gwani. Hutun minti ɗaya da koci yake nema biyu ne kafin rabin lokaci, uku bayansa, kuma a cikin minti 2 na ƙarshe ba a ba da fiye da biyu. Wanda ya adana ukun duka har wannan lokacin ya yi asarar ɗaya. Dogon da ba ya cin jifan layi, in ana gaba da maki kaɗan, a fitar da shi lokacin kai hari, don shi za a nufa da ƙeta da gangan.

Yanayi ma yana taɓa lissafin. A watannin Afirilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, filin siminti na waje kuma yana riƙe zafin har bayan la'asar. Minti 10 a jere da na ba babban ɗan wasa a sama ya yi yawa a irin wannan ranar: a raba hutunsa gida biyu, a buɗe juyin zuwa mutum goma. Haka in ƙungiya ta yi tafiyar kusan kilomita 900 a mota zuwa Yamai, sannan ga wasa yau ga wasa gobe. Kocin da ya ƙure mutum bakwai a wasannin rukuni zai isa wasan kusa da na ƙarshe da ƙafafun da ba sa tashi, jifan nesa kuma shi ne farkon abin da gajiya take ci. A wasannin rukuni a faɗaɗa, in an zo na sili-ɗaya-ƙwale a matse zuwa takwas. Duk kulob ɗin da yake hangen zagayen neman shiga gasar BAL ta kulob-kulob na Afirka, wadda aka fara a Kigali a 2021, irin wannan jerin wasannin a 'yan kwanaki ne yake jiransa.

Don a san wace biyar ce take aiki, ba sai an sayi na'ura ba. Mataimaki ɗaya da littafi da biro ya isa: duk lokacin da aka yi canji, ya rubuta minti, da maki na ɓangarorin biyu, da sunayen da suke fili. Bayan wasa a cire a ga kowane haɗi maki nawa ya ci, nawa aka ci shi. Kada a yanke hukunci da wasa ɗaya, don jifan nesa biyu da suka shiga bisa sa'a suna iya sa haɗi mara kyau ya yi kama da na zinare. A tara wasanni da dama, a fi mai da hankali ga mutum biyu-biyu: wane mai rabo ne dogon benci ya fi ci da shi, waɗanne 'yan gefe ne in sun haɗu ake zubar da ƙwallo. Na goma zuwa na goma sha biyu kuma a ba kowannensu aiki ɗaya da ya sani sarai, ko matsa wa mai rabon abokan karawa tun daga gindin kwandonsu, ko tsayawa a kusurwa yana jiran jifa, kuma a riƙa sa su cikin rukunin farko a atisaye sau ɗaya a mako, don ranar da ƙeta ko targaɗe ya zaunar da wani, su shiga sun san inda za su tsaya.