Shingen Roba ko na Katakon Sida: Abin da Nake Faɗa wa Masu Gida

Sana'ata kafa shinge ce a gidajen da ke kewayen birnin Minneapolis na jihar Minnesota a Amurka, inda ba a gina katangar bulo a zagaye gida kamar yadda aka saba a wajenmu, sai dai a kewaye bayan gida da shinge mai tsayin ƙafa 6. Kusan duk wanda ya kira mu, zaɓinsa yana tsakanin abu biyu ne, wato shingen roba da ake yi da sinadarin PVC, da kuma na katakon sida, itacen da ake kira cedar da Turanci. Kafin in ambaci farashi nakan tambayi mai gida ko zai iya kula da shingen bayan mun tafi, domin amsar da ya bayar ita ce take raba gardama.

Jan sida da muka fi amfani da shi yana zuwa ne daga yankin British Columbia a Kanada da jihohin Washington da Oregon. Allah ya yi wa zuciyar itacen wani mai da yake hana shi saurin ruɓewa, yake kuma korar ƙwari, amma farin ɓangaren da ke kusa da ɓawo ba shi da wannan kariya, shi ya sa nake zuwa wurin dillali da kaina in zaɓi katako ɗaya bayan ɗaya. Katako ne marar nauyi, mai daɗin aiki da zarto, mai ƙamshi, kuma ba ya yawan lanƙwashewa. Sai dai yana da sharaɗinsa. Idan aka kafa shi da ƙusar ƙarfe ta gama-gari, ruwan itacen zai haɗu da ƙarfen ya zubo da baƙin layi a jikin kowane katako, don haka ƙusar da ba ta tsatsa kaɗai muke sa masa. Haka nan yana buƙatar a shafa masa man kariya duk bayan shekara biyu ko uku, in kuwa aka bar shi, rana da ruwan sama za su mayar da jansa ruwan toka. Wasu suna son wannan launin, amma mafi yawa ba su san haka zai koma ba, kuma alhakina ne in sanar da su tun kafin su biya kuɗi.

Shingen roba ya fi tsada a ranar saye, amma ba ya neman fenti, ba ya ruɓewa, kuma idan gansakuka ta kama gefen da ba ya samun rana, ruwa da sabulu sun isa. Matsalarsa a nan ita ce sanyi. Roba takan yi tauri ta rasa laushinta a tsakiyar hunturu, ta yadda dutse ɗaya da injin share dusar ƙanƙara ya harbo zai iya fasa ta. Idan katakon sida ya karye, a cire shi a sa wani, aikin ɗan lokaci ne, amma ita roba sai an nemo irin samfurin da aka kafa, wanda wataƙila masana'antar ta daina yinsa. Tana kuma miƙewa da zafi ta tsuke da sanyi, saboda haka dole a bar mata sarari a mahaɗa.

Abin da ya fi damuna shi ne mutane suna ɓata lokaci a kan abin da ido yake gani, alhali ƙarfin shinge yana cikin ƙasa. A kudancin Minnesota, dokar gini ta sa zurfin tushe ya kai inci 42 saboda yadda ƙasa take daskarewa, mu ma da wannan ma'aunin muke haƙa ramin ginshiƙi. Ginshiƙin da bai kai nan ba, ƙanƙarar ƙasa takan turo shi sama a hankali har ƙofa ta daina rufuwa. Ba na binne sida a ƙasa. Na fi son ginshiƙin ƙarfe ko katakon da aka dafa da magani. A shingen roba kuwa, wanda ba shi da kafar da iska za ta bi, muna sa ƙarfe a cikin ginshiƙan ƙofa. Kafin mu taɓa ƙasa sai mun kira lambar 811 an zo an yi alamar inda bututun gas da wayoyin lantarki suka bi, sannan mu duba iyakar fili da dokar ƙungiyar masu gidajen unguwa, domin wasu unguwannin su ne suke ƙayyade launi da tsayi.

A zuciyata na fi son sida, kuma duk wanda yake jin daɗin aikin hannu, yake da niyyar shafa mai a kan kari, shi nake ba shi shawara ya saya. Amma dattijon da ƙarfinsa ya ragu, ko magidancin da yake aiki biyu kuma babban burinsa shi ne iyalinsa su samu sutura a tsakar gida, roba mai kauri daga masana'antar da take ba da takardar garanti ita ce ta dace da shi, ko da kuwa zai ƙara kuɗi a farko.