Salwa ba ƙaramar kaza ba ce

Ƙannena masu sha'awar kiwon salwa a nan Bauchi, asarar da na tafka a farkon kiwo tushenta ɗaya ne: na riƙe ta kamar kaza. Wadda muke sa wa a keji salwar Japan ce, irin da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke jihar Filato ta yaɗa a ƙasar nan. Daban take da makwarwar daji. Kuma ba ta kwanci, sai dai injin ƙyanƙyasa, kwana 17 zuwa 18.

Makonni biyun farko nan ne ake kuka. Ɗan tsakon salwa bai wuce babban yatsa ba, ruwan da bai kai gaɓa ɗaya ba ya isa ya nutsar da shi. Mazubin ruwan kaji na ba su, shi ya ci min da yawa. Ku cika bakin mazubin da tsakuwa wankakkiya, su riƙa sha ta tsakani. Kada ku shimfiɗa musu jarida ko leda, santsi yana tale musu ƙafafu, kuma wanda ya tale da wuya ya miƙe. Buhun algarara ya fi a kwanakin farko, daga baya ɓuntun shinkafa. Ɗumi ya kai digiri 35 a makon farko, a riƙa rage kamar 3 duk mako. In kun ga sun dunƙule wuri ɗaya, sanyi ne, kuma na ƙasa suke dannewa har su mutu. Da hunturu kam, kaskon garwashi ya kwana kusa ko da akwai wutar lantarki, amma a bar kafar iska saboda hayaƙi.

Dusa ba abincinsu ba ce. 'Yan tsakin na bukatar furotin kashi 24 cikin 100 ko sama, a niƙa abincin ya yi laushi. Babbar salwa tana cin kamar giram 25 a rana, ta fara ƙwai a mako 6 zuwa 7, sannan tana bukatar garin ƙashi da hasken awa 14 zuwa 16. Da zarar haske ya ragu, ƙwai ya ragu.

Keji kada tsayinsa ya wuce santimita 25. In ta firgita sama take zabura, keji mai tsayi kuwa shi ke ba ta zarafin fasa kai.

Maza ma na tara fiye da kima, don tausayin yanka su. Namiji ɗaya ya ishi mata 3 ko 4. In sun yi yawa sai faɗa, su fige kan matan har jini. Daga mako 3 ake gane su: ƙirjin mace ɗige-ɗige ne, na namiji ja-ja ba ɗigo.

Ƙwan da za a sa a inji kada ya wuce kwana 7, a ajiye shi tsinin ƙasa, a wuri mai sanyi. A daina juyawa a kwana na 14, a ƙara ruwa a tiren injin, domin busasshiyar iskarmu ta hunturu takan manne tsako a cikin ɓawo ya kasa fitowa.