Injin Baba ya sake yin magana

Alhamdulillah. Yau da la'asar Peugeot 504 ɗin marigayi Baba ta tashi, bayan shekara 11 tana kwance a ƙarƙashin darbejiya.

Mutane da yawa sun ce in sayi wani injin na hannu a ɗora, a huta. Na ƙi. Injin da ya kai mu makaranta, ya kai Hajiya asibiti cikin dare, shi nake so in ji. Motar harhaɗar Kaduna ce, daga kamfanin da ya fara aiki a 1975.

Da muka buɗe kan injin, tsatsa ta riƙe fistan biyu cikin huɗu, gaskit ya ƙone. Abin da ya cece mu shi ne, hannun silindar wannan inji, wato bututun da fistan ke kai-komo a ciki, zare shi ake yi a sa sabo, ba sai an kai a rarake ba. Sati uku ina zarya kasuwar kayan gyara ta Panteka kafin na haɗa kayan.

Da bakaniken, dattijo ne, ya ce, "Ɗana, murza makulli," hannuna rawa yake. Ta yi tari sau biyu, ta kama. Hajiya ta fito daga ɗaki ba ko takalmi, ta dafa bonet ta yi shiru.

Gobe za mu daidaita kabureta.